Ɗakin Kiran Sunaye

Duhu ya fara, ana shirin rufe wani gidan baje kolin zane-zanen zamani a birnin Bogotá, lokacin da Doña Ofelia ta shiga ɗakin ƙarshe. Babu hoto a ciki, sai benci da lasifika mai sako muryoyin iyaye mata suna kiran 'ya'yansu da 'yan bindiga suka kwashe. Har da muryarta. Ta yarda aka ɗauka ne don ta yi imani ɗanta Wilmer yana raye, wataƙila ya ji.

Wani saurayi na zaune a gefen bencin, yana warin lakar kogi.

"Ɗan nan, ruwan sama ne ya dake ka haka?" in ji ta.

"A'a, Mama. Kiranmu ake yi, shi ya sa muke zuwa." Muryarsa kamar ta mai magana da ruwa a baki.

Lasifikar ta ce, "Jairo." Saurayin ya ce, "Na'am." Doña Ofelia ta duba ƙasa. Ruwa na ɗiga daga wandonsa, amma babu sawu ko ɗaya daga ƙofa.

Aka kira Yesenia, wata yarinya ta amsa daga kusurwar da babu kowa.

Doña Ofelia ta gane matattu ne ke amsawa, kuma ta san sunan da ke biye. Ta ƙanƙame jakarta, tana roƙon Budurwa Maryamu kada kowa ya amsa.

Muryarta ta fito daga lasifikar, ta kira Wilmer. Shiru, har ta fara sauke numfashi. Sai ta ji sanyi a ƙeyarta.

"Na'am, Mama."