Doguwar Dalma da Ɓaunar Kurmin Gwaska

Ana idar da sallar asuba Nomau ya rataya bindiga, suka bi ta bayan gari shi da yayansa Korau maƙeri. Wata tsohuwar ɓauna suka fita nema, wadda garke ya kora, ta addabi gonakin fadama har ta karya wa wani manomi haƙarƙari. Bindigar Nomau tsohuwa ce mai cin harsashi ɗai-ɗai, kuma da kansa yake narka dalma ya zuba, ya ɗura a tsofaffin kwanso. Saboda ɓaunar nan ya yi sabon mazubi, ya zuba guda biyar dogaye masu nauyi, don su fasa ƙashi. Ɗoki ya hana shi gwada ko ɗaya.

Da hantsi suka ga sawunta a bakin ƙoramar Kurmin Gwaska, kofato faɗin tafin hannu, ga kashinta da sauran ɗumi. Suka kutsa cikin gamba wadda ta shanye tsayinsu. Can carki suka tashi fir, sai ga ta tsaye baƙa ƙirin, tana kallonsu.

Nomau ya durƙusa, ya auna kafaɗarta, ya ja kunamar bindiga. Harsashin ya fita da wani irin kuka da bai taɓa ji ba, ya kauce ya daki wani marke. Na biyu ya same ta, amma ko gezau. Ta sunkuyar da kai ta taho.

Korau ya ɗare marken nan. Nomau ya cusa kansa a wani tsagin dutse, da baya-baya, har duwatsun suka matse masa kafaɗu. Ƙahonta ya kankari bakin tsagin, hucinta mai zafi ya bugi fuskarsa.

Haka rana ta take. Ba gaba, ba baya, ba wurin miƙe ƙafa. Cinnaku suka shiga wandonsa, harshensa ya bushe kamar fata. In ta gaji da shi sai ta koma kan marken, ta yi ta tunkuyi, itacen na girgiza da yayansa. Nomau ya saki harsashi na uku daga inda yake, ƙura kawai ya tayar. Saura biyu.

"Nomau!" Korau ya ƙwala masa kira daga sama. "Wace irin dalma ka zuba? Ga wadda ta daki itacen nan, a kwance ta shiga!"

"Doguwa ce, Yaya. Na ƙara mata nauyi."

"Ka kashe mu! Murɗin cikin bututun bindigarka a hankali yake juyawa, ba zai riƙe doguwar dalma ba. Alkafura take yi a iska. Rage mata tsawo, maza!"

Saiwar marken ta ce ƙas. Nomau ya zaro wuƙa da ƙyar, ya danne harsashi a jikin dutse, ya shiga yankan kan dalmar. Wuƙar ta zame ta tsarge masa ɗan yatsa, jini ya sa komai santsi. Bai tsaya ba sai da ya datse kusan sulusi, ya goge bakin a kan dutsen, ya ɗura.

Itacen ya soma karkata. Nomau ya buɗe busasshen maƙogwaronsa ya kwarma mata ihu. Ta waiwayo, ta taho a guje, ƙasa na rawa. Ya bari sai da ya ga jan idonta, sannan ya ja kunama.

Ƙarar ta toshe masa kunne, hayaƙi ya cika tsagin, sai duhu. Ɓaunar ta faɗi a bakin dutsen, ta rufe shi ruf, jininta na malalowa ƙarƙashin gwiwoyinsa.

"Ƙanena, kana da rai?"

"Ina nan, Yaya. Ba na samun iska."

Korau ya sari wani ƙaton reshe, ya zura ƙarƙashin wuyanta, ya yi ta ɗagawa yana tura duwatsu. Sai wajen la'asar wata 'yar kafa ta buɗe. Ya kamo hannun ƙanensa ya jawo shi ta tsakanin ƙahonin, riga a yage, jiki duk jini.

Nomau ya yunƙura zai tsaya, ƙafafun suka ƙi. Korau ya durƙusa, ya goya shi kamar lokacin suna yara, suka nufi ƙorama.