Tagar da Eusebio Ya Fasa

Da yammacin wata Laraba, Pino tana dama garin gofiyo, gasasshen hatsin da muke ci, a bakin ƙofa, mijinta Eusebio yana wanke bokitin tatsa, sai wani ɗan dutse ya faɗa cikin tukunyar miya. Ba wanda ya damu. Mu mutanen saman Artenara, ƙauyen da ke tsaunukan tsibirinmu, cikin dutse muke kwana, gidajenmu koguna ne da kakanni suka sassaƙa, tsakuwa a miya ba labari ba ce. Amma na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, kuma duk daga cikin ɗaki suke fitowa, inda ba kowa. Awaki suka yi tsit a garke.

Kwana uku kafin nan Eusebio ya yi wani aiki da yake ta alfahari da shi. A saman gidansu akwai wani tsohon kogo mai rufi kamar kifaffiyar ƙwarya, bangonsa cike da zane masu kusurwa uku. Can ƙololuwa akwai 'yar kafa. Daga bazara zuwa kaka, kullum da hantsi wani siririn haske yakan shigo ta nan ya sauka a kan zanen, yau nan, gobe ya ɗan matsa. Mutanen zamanin da, da shi suke gane ranar shuka sha'ir da ranar girbi. Eusebio kuwa cuku yake ajiyewa a ciki, cukun kuma yana fumfuna don rashin iska. Mutumin kirki ne, amma in guduma ta shiga hannunsa ba ya jin kira. Ya hau ya fasa kafar ta zama taga, haske ya malale ko'ina.

Jifa ya yi mako bai fasa ba, kullum in rana ta faɗi. Daga nan abin ya koma kan 'yarsu Yurena, mai shekara goma sha shida, yarinyar da surutunta ke hana maƙwabta barcin rana. Ta daina magana, ta daina ci. Gari na wayewa sai a same ta a kogon tsaye, tana shafa zanen bango da yatsa har fatar ta saɓule. Likita ya hawo, ya duba, ya sauka. A kwana na tara wuyanta ya zama kamar kara.

Pino ta ce, "Kai da gudumarka! In yarinyar nan ta mutu, ka nemi wani kogon ka zauna."

Shi da kansa ya je ya ɗauko Iya Basilisa a kan jaki, tsohuwar da ke yi wa mutane tofi tun kafin a haife shi. Ta shiga kogon da la'asar, da carbinta da ruwan coci, ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta dubi Eusebio. Ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Ta daɗe tana addu'a ƙasa-ƙasa. Duhu ya fara taruwa a lungunan kogon. Sai Yurena ta juyo, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta, busasshiya, a gajiye.

"Yau wace rana ce?"

"Wane ne kai?" in ji Iya Basilisa.

"Ni aka bar wa ƙidaya. Mutanena sun tafi, suka ce in riƙe musu kwanaki har su dawo. Ban taɓa ɓata ko ɗaya ba. Yanzu haske ya watse, ban san inda muke ba."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Tana da ido. Ni ban iya fita."

Eusebio ya durƙusa. "Zan toshe! Zan mayar da ita yadda take, wallahi gobe-goben nan!"

Muryar ta ce, "Kakan kakana ya fara sassaƙa ta, jikansa ya gama. Kai za ka mayar?"

Iya Basilisa ta matsa har gwiwarta ta taɓa ta yarinyar.

"Ba za ka riƙe ta ba. Jikin ba zai kai Lahadi ba, ka rasa idon ka rasa kwanakin. Faɗi wani abin."

Muryar ta amsa, "Wanda ya fasa, ya tsaya a bakin kogo kowace safiya, ya ga ta wane gefen tsauni rana ta fito, ya shigo ya faɗa mini. In gajimare ne, ya ce gajimare. Ranar da bai zo ba, na san hanyar yarinyar, ko da ta ƙetare teku. Kuma kada ta ji wannan magana. In ta tuna da ni, ta kira ni ke nan."

"Na yarda," in ji Eusebio, tun tsohuwar ba ta buɗe baki ba.

Yurena ta sulale ƙasa. Da ta farka, romo ta nema.

Shekara goma sha tara ke nan. Masana sun zo sun auna wasu kogunan kwarinmu, hukuma ta sa musu ƙofa da makulli, baƙi suna zuwa kallo. Na Eusebio ba wanda ya waiwaya, an ce ya lalace. Shi kuwa bai taɓa kwana a wani wuri ba. Da zazzaɓi ya hau, da karyayyar ƙafa ya hau. Yurena ta yi karatu a Madrid, ta yi aure a can, kawunta ne ya riƙe hannunta a coci a madadin ubanta. Wannan abu yana ci mini rai, don yarinyar ta ɗauka ubanta bai damu da ita ba, mu da muka sani kuma bakinmu a ɗaure yake.

A watan jiya ta haihu. Ina zaune a gidan ta bugo waya, muryarta har tsakar gida.

"Baba, ka zo, kwana biyu kawai. Jirgi awa uku ne. Na sa masa sunanka."

Eusebio ya goge fuska da hularsa. "'Yata, awakin nan ba mai duba su."

"Inna ta ce ka sayar da su tun bara." Ta ƙara da cewa, "Ba zan sake roƙonka ba."

Ta kashe. Ya daɗe riƙe da wayar a kunne, sannan ya miƙa wa Pino, ya ce ta tashe shi da wuri, kwanan nan barci yana yi masa nauyi.