"Ni Ne Ƙawarki"

Da hantsi wata tela ta shigo ofishin wata Sufeton 'yan sanda, tana jan 'yarta mai shekara goma sha biyu. Wata "ƙawa" ta intanet ce ta lallaɓi yarinyar har ta tura mata hoton da bai kamata ba. Yanzu "ƙawar" ta ce ko a ƙaro wani, ko ta watsa wannan kowa ya gani.

"Ina saƙonnin?" in ji Sufeto.

"Na goge su, ranki ya daɗe. Kunya ta hana ni bari," in ji telar.

Sufeto ta dafe goshi. Iyaye kenan! Sai su wanke shaida tas, sannan su zo a kamo musu mai laifi. Amma ba ta yi faɗa ba, don matar ta ba ta tausayi.

Saje, mai kula da kwamfuta, ya jujjuya wayar yarinyar. "Kamfanin manhajar yana wata ƙasa. Kafin su amsa mana, an sha watanni. Ita ko 'ƙawar' ba za ta jira mu ba."

Yana rufe baki wayar ta yi ƙara. Sabon saƙo ne: "Auta, ni ne ƙawarki. Ina jira."

Yarinyar ta ɗago kai a karon farko. "Anti, mace ai ba ta cewa 'ni ne'. 'Ni ce' take cewa."

"Kai, Allah ya yi miki albarka! Namiji ne, ya manta yana wasan mata. To a makaranta ma Auta ake kiranki?"

"A'a, sai a gida."

Maza biyu ne kawai ke shiga gidan: mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da su, da malamin lesin da ke koya wa Auta karatu a gida. Sufeto ta fara da shagon mai gyara, inda matattun wayoyi suka cika tebur.

"Wallahi ban taɓa ganin wayar nan ba," ya ce, yana zufa.

"Ga tambarin shagonka a bayanta."

Ya sosa ƙeya. Ashe tsohon batir ya sa musu da sunan sabo, shi ne duk abin da yake ɓoyewa. Saje ya bincike wayoyinsa kaf, babu komai.

Da la'asar suka tarar da malamin a falon telar, ya baza littattafai kusa da keken ɗinki. Mutum ne mai ladabi, har da rusunawa. An kai Auta ɗaki tukuna.

"Malam, wayoyinka nawa?"

"Ɗaya tak, ranki ya daɗe. Ga ta, a duba. Yarinyar nan ai 'yata ce."

Saje ya duba, fes take. Sufeto ta ɗauki wayar Auta, ta rubuta wa "ƙawar" kalma ɗaya: "Wacece?"

Daga cikin jakar malamin wani abu ya yi gurnani.

"Buɗe mana jakar, Malam."

"Alli ne kawai da..."

"Allin naka har saƙo yake karɓa?"

Ƙaramar waya ce, a naɗe cikin safa. Malamin ya zube ƙasa. "Ni ne. Sharrin shaiɗan ne, a rufa mini asiri."

"Shaiɗan bai koyar a gidan nan ba, kai ka koyar," in ji Sufeto, ranta a ɓace. Saje ya tabbatar hoton bai je ko'ina ba tukuna, ya rufe wayar a jakar shaida, ya buga wa malamin ankwa, ya fita da shi.

Auta ta leƙo daga bakin labule, har ta sa takalmanta.

"Anti, ni ma yanzu za a tafi da ni?"

Sufeto ta durƙusa a gabanta. "Ina za a kai ki? Ba ki yi laifin komai ba, 'yata. Babba ne ya yaudare ki."

Yarinyar ta kalli uwarta, don daga bakinta take son ji. Telar ta zo ta cire mata takalman da hannunta, ta rungume ta tana kuka.