Duwatsun Waigin Gwadabe

Rana ta yi ja a kan rufin masana'antun Challawa lokacin da Gwadabe direba ya shigo layinsu a Panshekara. Ya tsayar da gingimarin a ƙofar gida, ya kashe ta, ya bar ta a giya, ya diro da sauri. Ƙofar gidan tana da ɗan gangare, motar kuwa birkin hannunta ya daɗe da mutuwa. Ya buɗe akwatin gefe ya fito da wasu duwatsu uku baƙaƙe masu santsi, ya cusa su a ƙarƙashin tayoyi. Su ne waiginsa, su ke hana motar silalewa in ya juya baya.

Motar ta wani kamfanin kwanuka ce a Sharada. A da jirgin ƙasa ke kwashe kayansu, amma yanzu ciyawa ta rufe dogon da ke shiga unguwar masana'antu, taragai sun zama wurin kwanan awaki. Duk nauyin ya dawo kan motoci, su kuma motocin a labta musu lodin da ya fi ƙarfinsu, a tura su kan kwaltar da rami ya fi lafiyayyen wuri yawa. Ga zamanin tsuke bakin aljihu, kayan gyara ba sa shigowa. Gwadabe ya yi wa manaja maganar birkin nan har bakinsa ya gaji, ya zaga makanikan Dakata kaf, kowa sai ya leƙa ya girgiza kai ya ɗaure masa wani abu da waya. Karen motarsa ma an sallame shi, shi kaɗai yake tafiya.

Da ya shiga gida ya tarar da matarsa Hajjo durƙushe gaban murhu, idanunta sun yi ja don hayaƙi.

"Sannu da zuwa. Malam, zo ka ga abin mamaki. Tun la'asar na ɗora ruwan tuwon nan."

Wuta na ci bal-bal, ice ya kusa ƙarewa. Gwadabe ya tsoma yatsa a tukunyar. Ruwan sanyi ƙalau, kai ka ce yanzu aka ɗebo shi daga randa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro ya dire a tsakar gida. Tsakuwa ce. 'Yarsu Safiyatu, wadda ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta ɗauka ta yar da sauri, ta ce zafi gare ta. Masallacin layi ya kira magariba, ba wanda ya motsa a cikinsu sai da aka kai ƙarshen kiran.

Daga ranar girki ya ƙare a gidan. A canja tukunya, a canja ice, a aro risho a maƙwabta, duk ɗaya. Kullum rana ta doshi faɗuwa sai jifa ta fara, tsakuwoyi masu ɗumi masu ƙaurin hayaƙi. Can kuma sai a riƙa jin kukan yara daga waje, irin kukan nan mara ƙarfi na yaron da ya gaji da roƙon abinci. Gwadabe ya fita da tocila ya haska ƙarƙashin motar, inda kukan ke fitowa, bai ga komai ba sai ɗigon baƙin mai. Mutum ne da ya sha kwana a daji shi kaɗai, yana kuma yawan faɗin haka a tasha, amma ran nan da baya-baya ya koma gida.

Maƙwabta suka riƙa aiko musu da abinci. Shi da Hajjo suna iya ci. Safiyatu ce abin ya tsaya a kanta. In ta kai loma baki sai maƙogwaronta ya rufe, ta yi ta ƙoƙari har hawaye su zubo, ta fito da ita. Ruwa kawai ke wucewa. An kai ta asibiti, an haska, an ce ba a ga komai ba. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma kwance a tabarma, wuyanta ya zama siriri, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Hajjo ta daina cin nata a gabanta, daga baya ta daina ci gaba ɗaya. Tsoro ya kama Gwadabe irin wanda bai taɓa ji ba, don a fili yake ganin 'yarsa tana ƙarewa.

Wata rana da almuru Safiyatu ta tashi zaune ba wanda ya taimaka mata. Ta dubi ubanta da idanun da ba nata ba, ta ce da muryar babbar mace, "Da daɗi?" Sai ta koma ta kwanta.

Washegari Gwadabe ya tafi Ɗorayi ya ɗauko Malam Ashafa. Dattijo ne ɗan firit, mai magana a hankali, wanda ya fi son karantar da ɗalibai a kan irin wannan aiki, amma in an zo masa da kuka ba ya iya cewa a'a. Ya iso bayan la'asar, ya zagaya gidan, ya tsaya ya daɗe yana kallon murhun, sannan ya sa aka shimfiɗa masa buzu kusa da yarinyar. Ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe tsakar gida. Jifa ta fara, ta yi ƙarfi, ta tsaya cak. Safiyatu ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi.

"Malam, ya isa. Kana ƙona ni, ni kuwa ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. Uwar 'ya'ya ce ni, gidana yana dajin Falgore, gefen hanyar Jos, gindin wata ɗorawa."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Nawa 'ya'yan me suka yi wa ubanta? Tambaye shi inda ya samo abin da yake tokare ƙafar motarsa da shi."

Malam Ashafa ya juyo. Gwadabe ya ce da damina motar ta mutu masa a wani hawa cikin dajin, katakon waiginsa ya tsage, tana neman komawa baya da shi. Ya diro a guje, ya hango duwatsu uku a jere gindin bishiya, ya kwaso. Da ya ga sun zauna daidai a ƙafar motar, sai ya riƙe su.

"Wallahi Malam, na ɗauka makiyaya ne suka yi girki suka tashi."

Muryar ta yi wata gajerar dariya. "Tukunyata na kai lokacin da ya janye su. Tun kakata muke girki a kansu, ba kuma ma iya girki a kan wasu. Na bi motar nan da yara a bayana har Jos, har Gusau, har Legas. Kowace yamma ina kallo yana ɗora taya a kan murhuna. Na yi haƙuri, na ce in ya gyara motar zai yar da su in kwashe abina. Motar ba ta gyaruwa, Malam. Ƙaramin nawa ya daina kuka ma."

Hajjo, wadda ke raɓe a bakin ɗaki, ta rushe da kuka. Ba ta san wa take yi wa ba, tata 'yar ko 'ya'yan waccan.

Malam Ashafa ya ce, "An ci haƙƙinki, ban musa ba. Amma kama wanda bai ji ba bai gani ba zalunci ne, kin kuma san Wanda zai tambaye ki. Ga duwatsunki can a waje, kwashi ki tafi."

"Hannun ɗan Adam ya ɗauke su, shi zai mayar. Ya ɗora su a ka ya taka da ƙafa har can."

"Kafin ya isa yarinya ta mutu, ke kuma kin ɗauki alhakin rai. Sauko."

Aka yi ta ja. In ta ƙi sai Malam ya koma karatu, jikin yarinyar ya ɗauki rawa, muryar ta yi ta haki tana cewa a dakata. Gwadabe na durƙushe, gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ta ce, "To, ya kai su a motar da ta ɗauko su. Ya tsaya inda ya tsaya ran nan, shi kaɗai. Kada ya sa wa ƙafarta komai, ko dutse, ko ice. Ta daɗe tana tsayuwa da murhuna, ta tsaya da kanta. Ya kai su ɗaya bayan ɗaya, wanda kuma ya ɗauka kada ya taɓa ƙasa sai a gurbinsa. In ya yar, na dawo, kuma ba za ka same ni da magana ba."

"Hawa ne wurin," in ji Gwadabe. "Motar ba ta da birkin hannu."

"Na sani."

Malam ya nemi ta sassauta wannan, ta ƙi. Ya sa ta rantse za ta fita yanzu, ba kuma za ta ƙara waiwayar gidan ba in an cika mata. Ta rantse, amma ta ce maƙogwaron yarinya ba zai buɗe ba sai murhu ya zauna. Safiyatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Aka kawo kunu, ya ƙi wucewa.

Kamfani ba ya sakin mota wayam, don haka Gwadabe ya karɓi lodin Jos da sassafe, kwalayen kwanuka da tukwane har sun haura bodi. Bai gaya wa kowa komai ba. Wa zai gaya wa, manaja? Ya bi hanya yana kauce wa ramuka, yana wuce gawarwakin motocin da suka kife aka bar su a nan suna tsatsa. Motar nan ita ce cinsa, ita ce shansa, a cikinta gashin kansa ya fara fari, ya kuma san halinta sarai. Giyarta takan fice in nauyi ya ja ta.

Da hantsi ya iso hawan. Hanyar a nan an ɗaga ta, hagu kwazazzabo, dama kwazazzabo, sai wata 'yar siririyar hanya da ke sauka zuwa gindin ɗorawar. Ya tsaya, ya sa giya ta ɗaya, ya kashe inji, ya ɗaga ƙafarsa daga birki a hankali. Motar ta yi ƙugi ta tsaya. Ya yi bisimilla ya sauka.

Gurabun suna nan, ramuka uku a ƙasa, ko ciyawa ba ta fito a cikinsu ba. Ya kai na farko ya dawo. Ya kai na biyu, ya ɗago ya dubi motar, tana nan. Ya rungumi na uku, wanda ya fi su nauyi, ya fara sauka. Ya yi rabin hanya ke nan ya ji ƙas, ƙarar da ya sani kamar muryar matarsa. Giya ta fice.

Ya waiwaya. Tayoyin sun fara juyawa, a hankali ƙwarai, ƙofar direba a buɗe tana lilo. Da zai saki dutsen ya ruga, zai cim mata, ya sha yin haka a rayuwarsa. Har ƙafarsa ta juya da kanta. Hannuwansa suka fara sassautawa, ya ji dutsen yana zamewa a kan cikinsa. Sai ya ƙanƙame shi, ya juya wa motar baya, ya ci gaba da sauka yana salati da ƙarfi don kada ya ji.

Amma ya ji. Ƙasa ta girgiza, ƙarfe ya yi kuka, sannan kwanuka suka yi ta ƙara suna gangarawa cikin kwazazzabo, suka daɗe ba su yi shiru ba. Gwadabe ya durƙusa ya zaunar da dutsen a gurbinsa, ya gyara masa zama da hannu biyu. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Yana nan zaune ya ji ƙamshin miyar kuka da daddawa ya taso a dajin da ba kowa.

Sai da ya yi bayani a wurin 'yan sanda, ya yi a kamfani, inda aka karɓi makullin akwatinsa na wurin aiki aka nuna masa ƙofa. Washegari da yamma ya sauka daga bas a bakin titin Panshekara, ya tako da ƙafa, ba komai a hannunsa. Maƙwabta na yi masa jaje yana amsawa da ka.

Ya yi sallama ya shiga. Safiyatu na zaune a tabarma, jingine da bango don ba ta da ƙarfin zama, kwanon tuwo a cinyarta, miya har gwiwar hannu. Hajjo na gefe tana cewa ta bi a hankali, tana share ido da gefen zane. Yarinyar ta ɗago, bakinta cike.

"Baba, ban ji ƙarar mota ba. Ina ka bar ta?"

Gwadabe ya zauna kusa da ita, ya gyara mata kwanon da ke neman zamewa.

"Ci abincinki," ya ce. "Hajjo, ƙaro mata."