Wayar Gidan Ƙanƙara

Da ƙarfe tara na safiyar Litinin Alhaji Abdulbaqi ya shigo caji ofis yana huci, ya ce an sace masa waya. Mai kaurin babban yatsa ce, yadi sittin, ita ke kai wuta gidan ƙanƙararsa da ke Sheshe. Firiza takwas sun tsaya cak tun jiya da azahar.

Sufeto Muhsina aka ba aikin. Ta ɗauki Kofur Nazeer suka bi shi.

Mota ba ta shiga lungun, da ƙafa suka ƙarasa. Kofur ya ari tsani ya hau falwaya, ya leƙa, ya ce, "Ranki ya daɗe, an naɗe bakin wayar da salatif. Naɗi mai kyau kuwa."

Muhsina ta duƙa a gindin falwayar ta tsinci ɓawon robar waya guda uku. An fere su a karkace kamar firar fensir, kowanne da siririn layi a tsakiyarsa. Ta zuba su a ambulan.

"Alhaji, ɓarawon waya yankewa yake ya arce. Wannan sai da ya tsaya ya rufe bakin wayar don kada wuta ta kama wani. Ina mitarka?"

"Takardun suna wajen Garba, wanda ya jawo mini wutar," in ji shi, yana duban wani wajen.

Sun sami Garba a bakin titi yana haɗa soket. Muhsina ta tsaya tana kallon hannunsa. Da reza yake zagaye waya, sannan ya fizge robar da haƙori.

"Ta ina ka bi da wayar Alhaji?"

"Ta sama, Hajiya. Ko tsuntsu ba ta taɓawa."

"Ba ta kwanta kan rufin kowa ba?"

"Wallahi ko kusa."

Ta koma lungun, ta hau tsanin da kanta. A kan kwanon gidan da ke maƙwabtaka da gidan ƙanƙara ta ga baƙin tabo, inda kaifin kwano ya ci waya har wuta ta riƙa tartsatsi.

Kofur ya tsaya a zaure, ita ta yi sallama ta shiga. Matar gidan, Kulu, tana zaune a kan tabarma, hannun dama a naɗe da bandeji. Surukarta 'Yardada na gefe tana tsince shinkafa.

"Malama Kulu, me ya sami hannun?"

"Mai ne ya fallatso mini."

"Buɗe in gani."

Ƙunar layi ɗaya ce, ta ratsa tafin hannu daga gefe zuwa gefe. Muhsina ta ɗaga kai. Igiyar shanya sabuwa ce fil, ta roba, tsohuwar ta ƙarfe kuma tana yashe a bayan randa.

"Wuta ta biyo kwanon rufi ta shiga wayar shanya, ta kama ki. Yaushe?"

Kulu ta sunkuyar da kai. "Ranar Asabar. Sai da ta maka ni da ƙasa."

'Yardada ta ajiye faifai. "Yarinya, kin zo neman wanda ya kusa kashe mana ita ne, ko neman wayar mai kuɗi? In wayar ce, duk unguwar nan ba wanda ya ga komai."

"Baba, wa ke muku gyaran wuta?"

"Ba mu da kowa."

Muhsina ta nuna makunnin fitilar da ke jikin bango, sabo, ga ɓawon roba nan a ƙasansa ba a ko share ba. Ta ɗauka. Fira a karkace, da siririn layi a tsakiya.

Kulu ta fashe da kuka. "Baba Salihu ne ya gyara mana. Amma ba ruwansa!"

Rumfar Malam Salihu tana wajen Shahuci. Tsoho ne mai furfura, shekara arba'in yana gyaran wuta a cikin birni. Sun tarar da shi ya kifa fanka a cinya, yana kankare tsatsar bakin waya da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa. Alhaji da Garba suna biye da 'yan sandan.

"Baba, ina ka je jiya da azahar?"

"Inda aiki ya kai ni."

Ta ɗauki guntuwar waya a kan bencinsa ta miƙa masa. "Fere mini wannan."

Ya dube ta, ya yi murmushi. Ya kwantar da kaifin, ya tura da babban yatsa sau ɗaya, robar ta zame, jan ƙarfen ko ƙwarzane bai yi ba. Muhsina ta jera ɓawon da na cikin ambulan. Layin iri ɗaya ne.

"Giɓi ne a bakin wuƙar," in ji shi. "Tun ina saurayi wuta ta cije ta. Kada ki wahalar da kanki, Sufeto, ni na sauke wayar."

Ya ja buhu daga ƙarƙashin benci. Wayar ce a nannaɗe, ko taku ɗaya ba a rage ba.

"Ɓarawo!" Alhaji ya daka tsawa.

"Sau uku ina zuwa ƙofarka, Alhaji. Na ce wayarka ta kwanta kan kwanon mutane, roba ta cinye. Ka ce in je in yi da tsofaffin fankokina. Ranar Asabar na ga hannun Kulu. Jiya da aka ɗauke wuta na sa tsani, da rana tsaka, kowa yana gani."

Alhaji ya sassauta murya. "To, a bar maganar. Ka mayar da ita yau da hannunka, in janye ƙara."

"Hannun nan? Ko yanke shi za a yi, ba zan mayar ba."

Muhsina ta ji tsohon ya burge ta, amma aiki aiki ne. "Baba, ka hau falwaya ba izini, ka ɗauke kayan wani. Dole mu tafi ofis."

"Na sani."

Ya goge wuƙar a gefen rigarsa, ya naɗe ta, ya miƙa mata. Kofur ya zaro ankwa, ta girgiza masa kai, ya mayar.

Sannan ta juya. "Alhaji, kai da Garba ku ma ku wuce gaba. Akwai jan wuta ba mita, akwai kuma matar da aka ji wa rauni."

Garba ya fara rantse-rantse, Alhaji ya zaro wayar hannu yana laluben lambar wani babba. Malam Salihu kuwa ya rufe rumfarsa a natse, ya datse kwaɗo, ya gyara zaman hularsa. Kofur ya saɓa buhun. Maƙwabtan rumfa suka fito suka yi cirko-cirko a bakin hanya.

Da za su fita lungu tsohon ya tsaya ya dubi Alhaji.

"Ka sake shimfiɗa ta kan rufin mutane. Ranar da na fito, ko da haƙori ne sai na sauke ta."

Ya wuce gaban 'yan sandan, suka bi bayansa.