Takardun Ƙarƙashin Kofi

Auta ta ɗaga kofin shayinta, ga 'yar takardar nan kamar kullum. Shekara tara da aure, mijinta mai aski bai taɓa fita shago bai bar mata layi biyu ba. Sai dai rubutun ya bi ya ƙanƙance kamar sawun tururuwa, har ta gaji da ƙura ido, ta koma jefa su a durowa ba karatu.

Wata rana Yayarta ta zo.

"Ke Auta, buɗe idonki! Hannu na rawa, tafiya da jan ƙafa, ki yi masa fara'a fuskar nan ko motsi. Wallahi ƙwaya yake sha! Ba jiya ya yanki kunnen kwastoma ba?"

"Haba Yaya—"

"Haba me? Ruwa ba ya tsami banza!"

Mama ma ta kira ta ɗora nata. Ran da Auta ta haɗa kaya, mijin ya tsaya bakin ƙofa, muryarsa can ƙasa: "Ban sha komai ba." Ta dubi fuskarsa, ko alamar damuwa babu. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, ta ja akwati ta wuce.

Watanta huɗu a gida aka kira daga asibiti, wai ya faɗi a shago.

"Ba maye ba ne, baiwar Allah," in ji likita. "Ciwon Fakinson ne. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu daidaita motsi ne ke mutuwa a hankali. Shi ke kawo rawar hannu da sandarewar fuska, har ƙanƙancewar rubutu. Ba ya warkewa, amma da magani a kan lokaci da motsa jiki, zai samu sauƙi sosai."

Tana isa gidan mijin nata ta zazzage durowa, ta ɗauki hoton takardun da waya, ta ƙara girmansu, ta hau karantawa.

"Hannuna ya ƙi ji, tsoro nake ji."

"Ki raka ni asibiti, na kasa faɗa miki da baki."

"Ina yi miki murmushi, ba kya gani ne."

Wayyo Allah! Ta durƙushe a wurin tana kuka kamar ranta zai fita.

Bai taɓa yi mata gori ba, abin da ya fi cin ranta ke nan. Yanzu ita ke tuna masa lokacin magani, ita ke riƙe injin aski ta gyara masa gemu, yana tsokanarta wai ta ɓata masa suna a sana'a.

Haƙurinsa ya dawo masa da matarsa. Ita kuwa ta koyi cewa ba a yanke wa masoyi hukunci da bakin dangi kafin a saurare shi. Har gobe, duk safiya, sai ta karanta takardar kafin ta taɓa shayin.