Kofur Tabitha Ba Ta Kuka

"Wa? Sake faɗa in ji da kunnena!"

Mama Sarah ce ta yi wannan maganar. Ta ajiye farantin waken da take tsincewa a tsakar gidanta na Samaru, ta zuba wa ɗanta ido. Cornelius ne ɗan nata, malamin firamare, irin mutanen nan masu sanyin magana da in suna gaisuwa sai ka matso kusa kafin ka ji.

"Tabitha, Mama. Wadda ke aiki a kemis ɗin Sabon Gari, inda nake sayo miki maganin hawan jini."

Clara ƙanwarsa, 'yar jami'a, tana kan tabarma tana danna 'yar wayarta. Ai sai ta zabura zaune.

"Yesu! Broda, Kofur Tabitha? Wadda ta karya wa mijinta hannu? Kai, ka gaji da ƙasusuwanka ne?"

"Clara, ki kama bakinki," in ji Cornelius.

"Sori! Amma filis ka sayi filasta ka ajiye tun kafin biki."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Cornelius, tun da babanku ya rasu ban taɓa hana ka abu ba. Wannan kam na hana. 'Yan mata cike a coci, ka rasa wa za ka ɗauko sai tsohuwar soja mai dukan miji? Duk Sabon Gari an san labarin. In ta gama da kai ni za ta juyo wa!"

"Mama, ba haka aka yi ba—"

"Kana wurin? Maƙwabta sun ji ihun mutumin da kunnensu. Ni kaina na ga hannun a naɗe. Magana ta ƙare!"

Hmm! To jama'a, bari in ɗan koma baya in gaya muku yadda abin yake, don ni dai labarin nan yana ci mini rai.

Tabitha marainiya ce, tun tana yarinya ta shiga soja, ɓangaren kula da marasa lafiya. Har Saliyo an je da ita lokacin yaƙi, tana wanke raunuka. A wurin horo akwai abin da aka koya musu, ita kuma ta iya shi fiye da kowa: in babba yana hukunta ka, ka ƙame. Ƙafa a haɗe, hannu a gefe, ido a bango. Ba motsi, ba kuka, ba ko tari. Har yabonta ake yi a kan haka.

Da ta dawo sai ta haɗu da Felix, mai sayar da kayan mota a Sabon Gari. Ya aure ta, ya ce sai ta ajiye kaki, wai shi ba zai zauna da matar da ke sara wa wasu maza ba. Ta ajiye. Amma abokansa na layin shago ba su bar shi ba, kullum "Mijin soja, yau an ba ka izinin fita?" Shi kuma sai ya kwaso haushin ya kawo gida. Da bel ɗinta na soja yake dukanta, mai kan ƙarfen nan.

Ita kuwa da ya ɗaga hannu sai jikinta ya koma inda ya saba. Ta ƙame ƙam. Shirun nan shi ke ƙara haukata shi, sai ya yi ta ihu, "Wayyo! Matar nan za ta kashe ni! Ki yi magana mana!" To ku gaya mini, maƙwabcin da ke bayan bango me zai ɗauka? Muryar miji kaɗai yake ji tana kururuwa.

Rana ɗaya tak ta kauce. Ya kawo naushi, ta karkata kai, hannunsa ya sauka a ƙarfen taga. Ƙashi ya karye. Da ya fito da filasta aka tambaye shi, ya ga ai ba zai ce taga ya nausa ba, sai ya ce, "Irin na soja ta yi mini." Shi ke nan. Kotu ta raba auren, shi ya tafi da tausayin jama'a, ita ta tafi da mummunan suna.

Ta taɓa neman taimako fa, kar ku ce ba ta nema ba. Akwai wani ɗan ofis na tsofaffin sojoji, inda suke taruwa kan maganar fansho. Ofishin ma kusan a gindin mangwaro yake, benci biyu da allon dara. Ta samu shugabansu, wani dattijo Saje Elias, ta sara masa ta ce tana son magana a keɓe.

"Keɓe kuma? Faɗi a nan, Kofur, duk sojoji ne."

Sai ta faɗa. Wallahi kafin ta rufe baki benci ya ɗauki dariya. Wani dogo mai tabo a goshi har da buga cinya.

"Ke da kika je Saliyo? Farar hula ya doke ki? Haba Kofur, kar ki ba mu kunya mana!"

Saje Elias ya ce, "Mu nan fansho muka sani, sai wanda harsashi ya taɓa. Maganar miji da mata ki kai wa fasto."

Ta sake sarawa, ta juya. Ba ta ƙara gaya wa kowa ba.

Ɗaki ɗaya ta kama a Dogarawa. Ta tafi kemis, ta dawo, ta dafa ɗan abin da za ta ci ita kaɗai, ta kunna rediyo don dai a ji muryar mutum a ɗakin. Ran Lahadi bencin baya take zama a coci, kuma ko an cika maƙil sai ka ga an bar fili a gefenta kamar akwai wanda ake jira. Matan gidan hayar in ta fito wanki sai hira ta mutu. Yara kuma in ta wuce, "Lef-rait! Lef-rait!"

A haka Cornelius ya same ta. Shi dai ya lura da yadda take ƙirga wa tsofaffi ƙwayar magani a hankali, tana maimaita musu har su gane. Yau gaisuwa, gobe ya tsaya jiran ruwa ya ɗauke, jibi ya kawo mata gasasshiyar masara. Ranar da ta ba shi labari, bai ce "da gaske?" ba. Cewa ya yi, "Sannu, Tabitha." Kalmar da ba wanda ya taɓa ce mata kenan.

To da ya zo mata da amsar Mama, ta daɗe tana goge kantar kemis da tsumma, wurin da ba ƙura.

"Malam, ka bi maganar Mama."

"Tabitha, ba zan yi aure babu albarkarta ba, gaskiya ne. Amma ba zan auri wata ba. Zan jira."

"Kar ka jira. Uwa ɗaya gare ka, ni ban da ko ɗaya, na san zafin. Kar ka sake zuwa kemis ɗin nan, akwai wani a Samaru."

"Ko kuka ba za ki yi ba?" ya tambaya, shi nasa idon ya riga ya kawo ruwa.

"Ga maganin Mama. Ɗaya da safe, bayan ta ci abinci."

Haka damina ta wuce. Da yamma Cornelius zai yi mata filashin, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Tabitha ta zauna bakin katifa ta kalli sunan har hasken ya mutu. Ba ta ramawa. Amma ba ta cin abinci sai filashin ɗin ya shigo.

A Samaru kuwa Malam ya bi ya rame. Bai yi wa Mama rashin kunya ba, bai daina gaishe ta ba, tuwo ne dai yake komawa kicin yadda aka kawo shi. Aka nuna masa 'yar mawaƙan coci, aka nuna masa wata nas a Palladan, ya ce Allah ya ba su nagari.

Wata Asabar Mama ta gaji. Ta ɗaura zani, ta ɗauki lemarta.

"Clara, tashi ki raka ni Dogarawa. Yau sai ta gaya mini abin da ta ba ɗana."

"Mama, gidan soja? Ni dai a bakin ƙofa zan tsaya, in an fara in kira jama'a!"

Suka hau bas zuwa Kwangila, suka ƙarasa a acaɓa. Tabitha na tsugune tana fifita gawayi suka faɗo. Ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Riƙe gaisuwarki! Tashi mu shiga ciki."

Ɗakin fes, katifa ɗaya, kujera ɗaya, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Mama ta ɗan kalla, ta kawar da kai, ta fara.

"Me ɗana ya yi miki? Yaro ya zama kamar sanda! Kin karya ɗaya bai ishe ki ba? Ki ji da kyau, ni ba na tsoron kakinki. Na rantse da wanda ke sama—"

Ta ɗaga lemar sama, ita a nufinta sama take nunawa.

Ƙwas! Dugadugan Tabitha suka haɗu. Hannu a gefe, haɓa a sama, ido ya kafe a bango. Ta cije leɓe, numfashinta ya tsaya. Clara da ta riga ta sa ƙafa ɗaya a waje ta leƙo, ta ga ba abin da ya faru.

Lema na sama, Mama na kallo. Ba hannun da ya tashi karewa, balle ramawa. Jijiyar wuyan yarinyar ce kawai ke rawa.

Can Tabitha ta ce, a hankali, idonta na bango, "Kin gama, Mama? Ko in juya baya?"

Lemar ta faɗi ƙasa.

"Me kika ce?"

"In a baya ne ya fi. Ba a gani a wurin aiki."

Mama ta dafe ƙirji. Ta matsa, ta juya ta da kanta, ta ɗaga rigar. Clara ta toshe baki. Tun daga kafaɗa har ƙugu, shatin kan bel ne, wani kan wani, tsoho da wanda ya fi shi tsufa.

"Wayyo Allah na!" Mama ta zube kan kujera. "'Yar nan, haka kike tsaya masa? To ihun da ake ji fa?"

"Nasa ne, Mama. Ni ba na yi."

"Me ya sa ba ki yi kuka an ji ki ba?"

"An hana mu a soja. Daga baya na nema na rasa."

Mama ta jawo ta, ta zaunar da ita a ƙasa, ta ɗora kanta a cinya kamar jaririya. "To ni uwarki ce, na fi duk wani mai igiya a kafaɗa. Na ba ki umarni, ki yi kuka."

"Ban iya ba, Mama."

"Zan fara, ki bi ni."

Mama ta fashe da kuka. Clara ta kama. Jikin Tabitha ya yi ta karkarwa, ya yi ta karkarwa, sai wata irin ƙara ta fito daga cikinta wadda ni dai ba zan iya kwatanta muku ba. Matan gidan suka fito a guje suka cika ƙofa. Ranar suka fara jin muryarta.

Mama ba ta tsaya nan ba. Da ta ji labarin gindin mangwaro, sai ga ta da matan Zumuntar coci cikin zanensu iri ɗaya, Tabitha a tsakiya. 'Yan dara suka miƙe.

"Kai ne Saje? Yarinya ta yi wa ƙasa aiki, ta zo muku da ciwo, kuka yi mata dariya? Ofis guda ba ɗaki mai ƙofa? Ba mace ko ɗaya da za ta saurari mutum?"

Saje Elias ya cire hula yana murzawa. "Mama, ba mu sani ba."

"Ai ta gaya muku! Ni ma an gaya mini na ƙi ji, shi ya sa ban zo da zagi ba. Ɗaki na zo nema."

Sito aka kwashe, inda ake tara karyayyun kujeru. Matan suka share, suka sa labule. Aka samo Sista Adunni, tsohuwar nas ɗin soja, ta yarda za ta riƙa zama duk Alhamis, wanda ke buƙatar likita ta haɗa shi da likita, mai buƙatar lauya ta nuna masa hanya. Da farko Tabitha kaɗai ke shiga. Sai wata ta zo, sai wata. Wata Alhamis kuma dogon nan mai tabo a goshi, wanda ya fi kowa dariya, ya tashi daga kan dara ana tsakiyar wasa, ya shiga ya ja ƙofa. Ya daɗe. Abin da 'yan tawaye suka yi masa a Saliyo, ɗakin ne kaɗai ya ji. Da ya fito idonsa ja, ya tsaya gaban Tabitha ya sara mata. Ba wanda ya yi dariya.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure a Samaru. Amarya ta yi kuka tun daga ƙofar coci har gaban fasto, hoda duk ta wanke. Clara ta raɗa wa ango, "Broda, ka ga aikin Mama ko? Famfon ya ƙi rufuwa!" Cornelius na dariya yana share nasa hawayen.

To 'yan uwa, haƙurin Malam da na Tabitha bai faɗi ƙasa banza ba. Amma ni abin da nake so ku riƙe shi ne, kaki ba ya hana mutum jin ciwo, kuma mai ihu ba lallai shi ake cuta ba. In wanda ya yi wa ƙasa aiki ya zo ya ce an ci zarafinsa, mace ko namiji, kar ku ce ai soja ne. Ku ba shi kujera, ku ja ƙofa, ku ce masa sannu.